Kanar Thimmig, Maharbin Dare Da Nijeriya Ta Aro

Tarihinmu na wannan mako ya shafi maƙwabtanmu na kudu, amma daga nesa zai faro, daga ƙasar Jamus. Labarin wani soja ne, matuƙin jirgin yaƙi, mai suna Wolfgang Thimmig. Ya yi wa Hitila yaƙi a sama har ya harbo jirage 24, bayan shekara 20 kuma sai ga shi shugaban sojan sama na Nijeriya. Kai da ke zaune a Gaya, inda mutum ke iya karya kumallo a Nijar, ya haye kogi ya ci kasuwa a Malanbil cikin Benin, la'asar ta same shi a Kamba cikin Nijeriya, ka san abin da ya taɓa ɗaya daga ƙasashen nan uku ba ya rasa taɓa sauran. Haka za ka gani a wannan labari. Akwai Kaduna da Kano a ciki, akwai Kwatano, akwai kuma Yamai.

Da farko bari mu san wane ne ake kira gwarzon sama. Tun yaƙin duniya na farko, na 1914 zuwa 1918, Turawa suka ɗauki al'adar ƙidaya wa matuƙin jirgin yaƙi yawan jiragen abokan gaba da ya kakkaɓo. Wanda ya kayar da biyar ya shiga sahun gwaraza ke nan, jaridu su buga hotonsa, yara su riƙe sunansa. Jamusawa sun fi kowa riƙo da wannan lissafi. Ba a karɓar maganar matuƙi haka nan kawai, sai an sami wanda ya gani da idonsa, ko an je an tarar da tarkacen jirgin a ƙasa, sannan a rubuta masa.

An haifi Thimmig ran 4 ga Oktoba 1912 a birnin Diresdan. Yana ɗan shekara 6 ƙasarsa ta sha kashi a yaƙin farko. Waɗanda suka ci nasara suka ƙwace mata ƙasashen da take mulki a Afirka, har da Togo da Kamaru, suka kuma hana ta ajiye sojan sama ko da jirgi ɗaya. A Janairun 1933 Hitila ya hau mulki, Thimmig yana da shekara 20. A 1935 Hitila ya fito fili ya ce Jamus tana da sojan sama, wanda zai iya hanawa ya zo ya hana. Ba wanda ya zo. Thimmig yana cikin samarin da aka horar a shekarun nan, don haka da yaƙi ya tashi a Satumban 1939 ya riga ya zama hafsa, matuƙi kuma.

Jiragen Jamus ne suka fara yi wa birane ruwan bama-bamai a wannan yaƙi. Sun yi wa Warso ta Polan a 1939, sun yi wa Rotadam ta Holan a Mayun 1940, sannan suka juya kan Landan da sauran biranen Ingila. Ingilishi suka tashi ramuwa. Da suka gwada zuwa da rana sai aka riƙa karkashe su, don haka suka koma zuwa da dare. Jamus kuwa ba ta shirya wa baƙin dare ba. A tsakiyar 1940 aka ɗora wa wani hafsa mai suna Josef Kammhuber aikin kafa rundunar da za ta tare su. Ka riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi. Matuƙan sabuwar rundunar, da harshen Jamusanci, maharban dare ake ce musu. A 1941 Thimmig yana cikinsu, a Runduna ta 1, yana tuƙa jirgi mai inji biyu da ake kira Messerschmitt 110.

To, yaya mutum zai sami jirgi guda a cikin sararin sama da dare, ba wata, ba fitila, jirgin kuma yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa? Ka tuna da Sarkawa masu su a kogin Isa da dare. Basarke ba ya ganin kifi, amma ya san ruwa, ya san inda kifi ke bi, yana kuma sauraro. Maharbin dare shi ma haka, sai dai nasa kunnen na'ura ce. Sunanta rada. Tana aika wata igiya irin ta rediyo zuwa sama, in igiyar ta bugi ƙarfe sai ta dawo, kamar yadda muryarka ke dawo maka in ka yi kira a gindin dutse. Daga lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo ake gane nisan jirgin. Kammhuber ya yanka sararin sama gunduwa-gunduwa, tun daga Danmak har arewacin Faransa, kamar gonakin da aka jera a bakin kogi. Kowace gunduwa tana da babbar rada mai hango jirgi daga nesa, da ƙanana biyu, ɗaya tana bin jirgin Ingila, ɗaya tana bin maharbi. Wani hafsa yana zaune a ɗaki gaban tebur inda ake nuna masa jiragen biyu da ɗigon haske, yana ce wa matuƙi ta rediyo ya karkata dama, ya hau, ya rage gudu, har ya kai shi bayan abokin gaba. Daga 1942 aka fara ɗaura wa jirgin maharbin kansa ƴar ƙaramar rada a hanci, mai ƙarafuna tsiri-tsiri kamar ƙahon barewa, mutum na biyu da ke zaune bayan matuƙi shi ke karanta ta. Taku na ƙarshe kuwa na ido ne. Sai matuƙi ya ga inuwar da ta fi dare duhu, ko ya ga jan harshen wuta a bututun inji, sannan ya harba.

Ka lura da wannan da kyau, don shi ne gindin labarin. Sunan matuƙi ake bugawa a jarida, amma kowane jirgin da ya kayar, akwai mutane da yawa a ƙasa da suka kai shi gare shi: masu kula da rada, masu waya, makanikai, masu duba yanayin sama, da masana'antun da ke ƙera kayan. In ka cire su, gwarzon dare makaho ne.

A watan Yunin 1942 aka ba Thimmig shugabancin rukuni na uku na Runduna ta 1, mai sansani a Tuwente cikin Holan, daidai kan hanyar da jiragen Ingila ke bi zuwa masana'antun Jamus. Ya karɓi aikin a mummunan lokaci. Daren 30 ga Mayu na shekarar, Ingilishi sun aika jirage 1,047 kan birnin Kolon, kuma ba a warwatse suka zo ba kamar da. A dunƙule suka zo, ta hanya guda, suka gama aikinsu cikin awa ɗaya da rabi. Manomin shinkafa ya san wannan. In tsuntsaye suka zo ɗai-ɗai, yaro guda da majajjawa ya isa ya tsare gona. In garken jan-baki ya sauko gaba ɗaya, yaron zai jefi ɗaya ko biyu, sauran su cinye gonar, yaran gonakin maƙwabta kuma suna tsaye ba abin da ya zo wajensu. Haka tsarin Kammhuber ya zama. Kowace gunduwa maharbi ɗaya take iya jagoranta a lokaci guda. Jirage 41 kawai Ingila ta rasa a daren.

A Yulin 1943 Ingilishi suka zo da wata dabara kan birnin Hambug. Suka riƙa zubo tsinkayen takarda mai ƙyalli, irin wadda ke cikin kwalin taba, dubu bisa dubu. Kowane ƙunshi sai rada ta ɗauka jirgi ne. Na'urorin Jamus suka ruɗe, maharba suka yi ta bin iska. Cikin ƴan kwanaki wuta ta cinye birnin, mutum wajen 40,000 suka mutu. Aka sauke Kammhuber daga muƙaminsa kafin shekarar ta ƙare, aka sake tsari. Yanzu sai a tura maharba da yawa su kutsa cikin garken jiragen Ingila, su bi shi, kowa ya nemi nasa. Wata uku bayan Hambug, a Oktoban 1943, aka naɗa Thimmig shugaban Runduna ta 4 gaba ɗaya, wadda sansanoninta ke Faransa da Beljiyam. A takarda irin wannan runduna tana da jirage sama da 100. Yana da shekara 31.

Watannin da suka biyo baya su ne ganiyar maharban dare. Sun sami sabuwar rada da takardar ƙyalli ba ta ruɗa sosai. Sun kuma ɗaura bindigogi biyu a bayan matuƙi, bakinsu yana kallon sama. Babban jirgin Ingila mai inji huɗu, Lancaster, yana da masu bindiga a hanci da gadon baya da wutsiya, amma ba wanda ke duban ƙarƙashinsa. Sai maharbi ya lallaɓo ta ƙasa, ya daidaita gudu, ya harbi fiffike inda tankin mai yake. Da yawa daga waɗanda aka harba haka ba su taɓa sanin abin da ya same su ba. Daren 30 ga Maris 1944 Ingila ta aika jirage 795 kan Nurambag, 95 ba su koma gida ba, mutum fiye da 500 suka mutu a dare guda.

Mu dakata kan lissafin nan na 24. A baki ba shi da nauyi. Amma jirgin jefa bom na Ingila yana ɗauke da mutum biyar zuwa bakwai, galibinsu samari masu shekara 20 da ƴan kai. In ka haɗa, waɗanda ke cikin jiragen da Thimmig ya harbo sun haura 100. Wasu sun dira da laima aka kama su, da yawa ba su sami fita ba. Rundunar jefa bom ta Ingila ta rasa mutum 55,573 a yaƙin, daga cikin wajen 125,000 da suka hau jiragenta. Mai kare Thimmig zai ce ai mata da yaran garinsu yake tsarewa daga wuta, wannan kuwa gaskiya ne. Amma kowane dare da maharban suka tsare sararin Jamus, sun ƙara wa mulkin Hitila kwana, mulkin da ya hallaka Yahudawa miliyan 6, wanda kuma bai ɗauki baƙar fata cikakken mutum ba. Duka biyun gaskiya ne, ba kuma wadda ta shafe ɗaya.

A cikin gwarazan Jamus, 24 ba wani babban adadi ba ne. Wanda ya gaje shi a Runduna ta 4 a Nuwamban 1944, Heinz-Wolfgang Schnaufer, yaro ne ɗan shekara 22, shi kuwa jirage 121 ya kayar kafin yaƙi ya ƙare. A ganina abin da manya suka gani wajen Thimmig ba saurin hannu ba ne, iya riƙon jama'a ne da tsara aiki, shi ya sa suka yi ta ɗaga shi daga wannan runduna zuwa waccan. A Fabrairun 1945 aka ba shi Runduna ta 2. Lokacin ba sauran abin riƙewa. Tun da sojojin ƙawance suka sauka Faransa a Yunin 1944 Jamus ta rasa radojin da ke bakin teku, an ƙone mata matatun mai, jirage suna nan a ƙasa ba abin zuba musu. Daren 13 ga watan nan na Fabrairu jiragen Ingila suka sauka kan Diresdan, na Amurka suka biyo da rana. Mutum wajen 25,000 suka mutu. Garin haihuwarsa ke nan, shi kuwa yana shugaban maharban dare, ba kuma wani maharbi da ya iya tare su. Ran 8 ga Mayu 1945 Jamus ta miƙa wuya, Thimmig yana da muƙamin laftanar-kanar.

Ina mu muke a lokacin? Ba a gefe muke ba. Daga 1940 zuwa Nuwamban 1942 Nijar da Dahome, wato Benin ta yau, suna hannun gwamnatin Faransa ta Bishi wadda ta yi sulhu da Hitila, Nijeriya kuwa tana hannun Ingila mai yaƙi da shi. Wato iyakar nan da ke gabas da Gaya ta zama iyakar ɓangarori biyu na yaƙin duniya, ƴan uwa na jini wannan a nan wancan a can. Filin jirgin Kano kuma ya zama babban zango. Ana kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a harhaɗa su, su tashi su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Mazan jiya kuwa da Faransa ta kwasa daga ƙasashenmu sun haɗu da sojan Hitila ido da ido a 1940, kuma an karkashe baƙaƙen soja da yawa bayan sun ajiye makamai, kamar yadda aka yi a Shasele kusa da birnin Liyon. Ka riƙe wannan a ranka in mun zo ga zuwan hafsoshin Jamus Kaduna.

Shekara 10 Jamus ba ta da soja. An raba ta biyu, ta Yamma tana tare da Amurka, ta Gabas tana tare da Rasha. Da gaba ta yi tsami tsakanin manyan nan biyu, sai Amurka da Ingila suka ga suna bukatar abokan gabarsu na jiya. A 1955 Jamus ta Yamma ta kafa sabon soja, a 1956 ta buɗe sojan sama, wanda aka ɗora a kansa kuwa shi ne Kammhuber ɗin nan na dazu. Ina za a sami ƙwararru in ba tsofaffin hannu ba? Thimmig ya sake sa kaki a 1956. Daga 1959 zuwa 1963 shi ne wakilin soja a ofishin jakadancin ƙasarsa a Suwidin.

Yanzu mu dawo gida. Nijeriya ta sami ƴancin kai ran 1 ga Oktoba 1960 da sojan ƙasa da na ruwa, amma ba ta da na sama. Da ta aika soja Kwango aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, jiragen wasu ne suka kai su, jiragen wasu suka dawo da su. Gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa ta ga wannan bai dace ba. Ministan tsaro Muhammadu Ribadu ya shiga neman wanda zai taimaka. Ingila ce ta fi kusa, amma ɗalibai da ƴan adawa sun tada ƙura kan yarjejeniyar tsaron da aka ƙulla da ita, har aka soke ta a Janairun 1962. Sai aka rarraba ƙafa. A 1962 aka aika samari 10 Habasha koyon tuƙi, a 1963 aka aika wasu Kanada da Indiya. Babban aikin kuwa, na gina rundunar tun daga tushe, Jamus ta Yamma aka ba. Tana da kuɗi, tana da jirage, ta kuma rabu da mulkin mallaka tun 1918, don haka ba a jin tsoron za ta dawo ta ƙofar baya. Ita ma tana da nata buri, ba ta son ƙasashen Afirka su amince da Jamus ta Gabas. Tanzaniya ta ɗanɗana haka a 1965: da ta yarda Jamus ta Gabas ta buɗe ofishi a Darussalam, nan take Jamus ta Yamma ta kwashe masu horar mata da sojan sama.

A 1963 Kanar Gerhard Kahtz ya iso da ƙungiyar hafsoshi da makanikai na Jamus, ya zama shugaban sojan saman Nijeriya na farko. A Afrilun 1964 majalisa ta zartar da dokar kafa rundunar. Ofishin shugaba yana Legas, amma sansanin horo da jiragen suna Kaduna. Jiragen kuwa ba na yaƙi ba ne. Akwai Piaggio 149 na koyon tuƙi, akwai Dornier 27 mai inji ɗaya da ke ɗaukar ƴan mutane kaɗan, yana sauka a ɗan gajeren fili. An kuma riƙa aika samari Jamus ɗin kanta. Mu ma a Nijar, inda aka kafa ƴar rundunar jiragenmu a 1961 da taimakon Faransa, daga baya mun karɓi jiragen ɗaukar kaya na Noratlas da na Dornier daga Jamus ta Yamma.

A ƙarshen Nuwamban 1965 Kahtz ya tafi, Kanar Thimmig ya karɓa, yana da shekara 53. Ribadu ya rasu a watan Mayu, Inuwa Wada na Kano ne ministan tsaro. Sojan ruwa ya riga ya koma hannun ɗan ƙasa, Joseph Wey, tun 1964. Sojan ƙasa ma haka, Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓa daga Bature na ƙarshe a Fabrairun 1965. Sojan sama kaɗai ya rage a hannun baƙo, don ba a horar da matuƙi da makanike cikin shekara biyu, balle wanda zai shugabance su. Aikin da ke gaban Thimmig irin wanda ya iya ne: tsara runduna, raba aiki, tashin hafsoshi daga ƙasa. Aiki ne na shekaru.

Bai cika wata biyu ba. Kafin asubahin 15 ga Janairu 1966 wasu manjoji suka yi yunƙurin juyin mulki. A Kaduna Manjo Chukwuma Nzeogwu ya kai hari gidan Firimiya, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello, aka kuma kashe Birgediya Ademulegun da Kanar Shodeinde. A Legas aka kashe Tafawa Balewa da Birgediya Zakariya Maimalari da wasu manyan hafsoshi, a Ibadan aka kashe Akintola. Ironsi ya karɓi mulki. Gwamnatin da ta gayyato Jamusawa ba ta nan kuma. Hafsan wata ƙasa ba zai zauna yana ba da umurni a cikin sojan da ya shiga siyasa har ƴaƴansa suna harbin juna ba, gwamnatinsa ma ba za ta bar shi ba. Cikin kwanaki kaɗan Thimmig ya sauka, ƙungiyar Jamusawa ta naɗe tabarmarta. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Aka duba cikin matuƙan da aka horar, duk ƙananan hafsoshi ne, sai aka ɗauko Laftanar-Kanar George Kurubo daga sojan ƙasa aka ɗora shi a kai.

Bayan shekara ɗaya da rabi, a Yulin 1967, yaƙin basasa ya tashi. Nijeriya ta shiga shi ba ta da jirgin yaƙi na sosai ko ɗaya. Biyafara ce ma ta fara kai hari ta sama, da wani tsohon jirgin jefa bom na Amurka. Matuƙinsa, Jan Zumbach, ɗan Polan ne, gwarzon sama shi ma, wanda ya yi yaƙi a ɓangaren Ingila yana harbo jiragen Jamus a 1940. Ya kai hari filin jirgin Makurdi. Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa Legas jiragen yaƙi, sai Gowon ya juya ga Rasha. A Agustan 1967 manyan jiragen kaya suka fara sauke jiragen MiG a filin Kano, aka kawo L-29 na Cekoslobakiya, aka kuma aro matuƙa daga Masar. Aro a kan aro ke nan. Baƙin matuƙan nan sun sha jefa bom kan kasuwanni da asibitoci, abin da ya jawo wa Nijeriya baƙin jini a duniya. Shugaban rundunar na lokacin, Kanar Shittu Alao, wanda ya gaji Kurubo a 1967, shi ma daga sojan ƙasa ya fito, ya yi kwas a Jamus. Da kansa yake tashi da jirgi, a cikin L-29 kuma ya faɗi ya rasu a Uzebba ran 15 ga Oktoba 1969.

Ga inda labarin ya juyo kan sana'ar Thimmig. Daga 1968 an kewaye Biyafara ta ƙasa da ta ruwa. Hanya ɗaya ta rage mata, wani yankin titin mota da aka faɗaɗa a Uli, inda jirage ke sauka da dare kawai. Sai jirgi ya zo daf da ƙasa a kunna masa fitilu na ƴan daƙiƙoƙi, a kashe. Ta nan makamai ke shiga, ta nan kuma abinci da magani ke shiga ga yaran da yunwa ke kashewa. Ƙungiyoyin coci suna tasowa daga tsibirin Sawo Tome, sun yi sawu fiye da 5,000. Ƙungiyar agaji ta Red Cross kuma daga farkon 1969 tana tasowa har daga Kwatano. Babban abin da sojan saman Nijeriya ya so yi shi ne rufe Uli, bai kuwa iya ba har yaƙi ya zo ƙarshe a Janairun 1970. Dalili shi ne wanda ka riga ka sani. MiG-17 jirgin rana ne, ba shi da radar neman jirgi a duhu, ba jerin radoji a ƙasa, ba hafsan da ke zaune gaban tebur yana cewa karkata dama. Abin da aka iya shi ne a tura wani tsohon jirgin kaya ya riƙa shawagi bisa Uli yana sako bom in ya ga haske. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana wannan sana'a a Turai ya zauna kan kujerar rundunar, ya tashi shekara biyu kafin a bukace ta.

Kada ka yi saurin cewa an yi asara. Ko ya zauna, ba zai ƙirƙiro radoji da makanikai da hannunsa ba. In kuma da an sami maharban dare a kan Uli, rada ba ta bambanta jirgin harsashi da jirgin madara. An ga misalin haka ran 5 ga Yuni 1969 da magariba, sa'ad da wani MiG ya harbo jirgin Red Cross mai ɗauke da abinci kusa da Eket, duk waɗanda ke ciki suka mutu. Mako biyu kafin nan wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya fara kai wa filayen jiragen Nijeriya hari da ƴan ƙananan jirage biyar masu rokoki a madadin Biyafara. Shi ne kuma mutumin da ya gina wa Habasha sojan samanta bayan yaƙin duniya, rundunar da ta koya wa samarin Nijeriya na farko tuƙi. Nijar kuwa, ƙarƙashin Diori Hamani, ta tsaya kan Nijeriya ta zauna ƙasa ɗaya, kuma a Yamai aka zaunar da ɓangarorin biyu neman sulhu a Yulin 1968, duk da zaman bai kashe wutar ba.

Bayan Alao sai Birgediya Emmanuel Ikwue, shi ma asalinsa sojan ƙasa ne. Sai a 1975, zamanin Murtala Muhammed, rundunar ta sami shugaba daga cikin ƴaƴan da ta raina tun suna kurata: John Yisa-Doko, Banufe, ɗaya daga waɗanda aka aika Habasha. Yana kan kujerar Thimmig ya rasu a Sitokholm, babban birnin Suwidin, ran 6 ga Nuwamba 1976, yana da shekara 64. A jerin shugabannin sojan saman Nijeriya sunansa ne na biyu. Daga cikin samarin da aka ɗauka a 1963 aka aika Jamus koyon tuƙi akwai wani ɗan Garkida ta ƙasar Adamawa, Ibrahim Alfa. Ya tuƙa MiG a yaƙin basasa, ya riƙe jihar Kaduna daga 1978 zuwa 1979, a 1984 kuma ya hau kujerar da Thimmig ya bari, ya yi shekara shida a kanta.